Gidan da Kawu Bai Taɓa Gama Gyarawa Ba

Duk wadda ta shigo gaisuwar Kawu, da ta gama "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri," sai ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Daga kan tsani ya faɗo, ko?" Na ce a'a har bakina ya gaji. Ban ga laifinsu ba. Mutanen Ammariyya, unguwarsu a nan Jidda, ƙafafun Kawu suka fi sani, don duk ranar hutu rabin jikinsa yana sama, ko a bakin tankin ruwa, ko a bayan mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan da kullum yake cewa ya gano abin da ke damunta.

Kawu bai faɗo daga ko'ina ba. Ranar Juma'a ce da hantsi. Ya gama jera naman yamma a tsinke, ya shafe shi da yaji, ya rufe a firji, ya wanke hannu, ya zauna a kujerarsa ya ce da Inna, matarsa, ta kawo masa ruwa, ba mai sanyi ba. Kafin ta dawo da kofi, Mai abu ya karɓi abinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu.

An jera wa maza kujeru a lungu, aka rataya fitilu kamar yadda ake yi a Jidda, mu mata muna falon sama. Tagar falon ba ta rufuwa sosai tun da Kawu ya gyara ta, saboda haka hirar maza tana hawowa har inda muke. Na ji muryar amininsa, wani tsoho da suka yi aikin sito tare a tashar jiragen ruwa, yana cewa, "Wallahi mutumin kirki ne, amma da ya taɓa mini ƙofa, gara ɓarawo ya taɓa ta." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa. Sai kuma muryar tsohon ta karye, ya kasa ƙarasa labarin da ya ɗauko.

A wurinmu, maƙwabciyarsu 'yar Yaman tana share hawaye da gefen mayafi, tana tambaya da Larabci wa zai aiko mata da farantin Juma'a yanzu. 'Yar Kawu ta kifa kai a cinyata tana kiran "Abuya, Abuya," wato Baba da Larabci. Wata baƙuwa da ba ta san gidan ba ta dafa kantar da ke jikin bango za ta miƙe, kantar ta sunkuya, kofunan gahawa suka zubo ƙasa. Inna, wadda tun safe ba a ga hawayenta ba, ta tashi ta ɗauko ɗan kwalin da ya zame, ta sake ninke shi, ta cusa a inda Kawu ke cusa shi, kantar ta tsaya. Daga nan ta koma mazauninta ta ja mayafi ta rufe fuska. A lokacin na yi kukan da ban yi ba tun da aka bugo mini waya a wurin aiki.

Ina tsoron kada abin da za a tuna Kawu da shi ya tsaya a karkatacciyar kanta da tagar da ba ta rufuwa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mahaifinsu ya zo da su aikin hajji suna yara, ya zauna, ya samu zama ɗan ƙasa tun abin bai yi wuya ba, shi ya sa ɗan gidan benen nan ya zama nasu na kansu, ba haya ba. Mahaifiyata aka aurar da ita gida Kano. Shi ya tsaya, ya yi aiki a tasha har ya yi ritaya, Inna kuwa daga gida ya auro ta. Ni aikin jinya ya kawo ni Jidda, kuma kafin asibiti ya ba ni masauki, a gidansa na zauna.

Ranar da na sauka na tarar ya shafe ɗakin da zan kwana da fenti kore shar, har makunnin fitila da gefen madubi ba su tsira ba. Ashe ya bugo wa mahaifiyata ya tambaye ta launin ɗakina na gida. Warin fenti ya sa mini ciwon kai na kwanaki, kuma ban ɓoye masa ba, don ni bakina ba ya ajiye magana. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata, hannu ne ya zarce." Amma watannin farko, lokacin da kewar gida ke shaƙe ni, ga Larabcin marasa lafiya da ba na ganewa, ga jiran iƙama, takardar izinin zama, idan na buɗe ido na ga koren nan sai in ji kamar mahaifiyata tana tsakar gida. Ban taɓa gode masa a kan fentin ba, tsiya kawai nake masa, kuma na san ya fi son hakan.

Gaskiya ɗaya ce, Kawu bai iya gyara ba. Kayan aiki yana da su akwati guda, sifana da filaya da sukundireba iri-iri, kowanne yana goge shi da mai kamar kayan gado. Amma idan ya kafa ƙusa sai ta kalli gabas. Iskar teku kuma tana taya shi, don a Jidda gishiri ba ya barin ƙarfe ya tsufa da mutunci, yau ka goge tsatsa, wata mai zuwa ta dawo. Ko me ka tambaye shi, rumfar saman bene ko tayil ɗin banɗaki, amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Har jikoki suka mayar da ita sunansa a bayan idonsa.

Ranar Alhamis da la'asar yake fara buge-bugen waya. Yaya, babban ɗansa, za a ce masa, "Famfon kicin yana zuba, gobe bayan masallaci ka zo ka riƙe mini fitila." Auta za a ce masa tsani yana rawa, sai an samu mai dafawa. Suruki zai taho da rabin buhun siminti. 'Yarsa kuwa ta kawo yara su wanke buroshi. Dukansu can arewacin gari suke, a manyan gidaje masu lif, kuma babu wanda ba ya ƙorafi a kan cunkoson hanya da rashin wurin ajiye mota a lungun Ammariyya. Suna ƙorafin suna zuwa. Wa zai yarda a ce tsoho yana kan tsani shi kaɗai, 'ya'yansa suna kwance a sanyin mukayyif?

Aikin kansa hayaniya ce zalla. Kawu yana ba da umarni da Hausa, Yaya yana musu da Larabci, Auta yana dariya, suruki ya rasa bayan wanda zai bi. A fasa, a ɗaura, a kwance. Da zarar rana ta yi sanyi, iska ta fara tasowa daga teku, sai Kawu ya ajiye sifana ya ce, "Halas, shi ke nan, saura kaɗan, mako mai zuwa mu ƙarasa. Yalla, a hau sama."

A saman bene kuwa babu wanda ya isa ya yi masa gyara. Murhun gashinsa rabin duro ne da ya yanka da kansa, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, an tallafe ta da bulo. Amma naman da ke fita daga kansa, ban ci irinsa ba ko a Kano. Yajinsa shi yake dakawa, ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kimba, duk alhazai suke taho masa da su daga gida, kuma ko Inna ba ta san awonsa ba. Yana tsaye da farar singileti da zanen gida, yana fifita gawayi da murfin kwali, hayaƙi yana sa shi hawaye, yana cewa Larabawan Jidda sun karɓi tsire a hannun kakanninmu, sun iya cinsa, ba su iya yinsa ba.

Farantin farko ba na gida ba ne. Na maƙwabciya 'yar Yaman ne, da mai sharar lungu, da wata tsohuwa 'yar Nijar da ke sayar da gyaɗa a bakin masallaci. Bayan nan sai jikoki su yi layi, kuma a nan dokarsa take: ba a cin tsire da Larabci. Yaro zai miƙo hannu ya ce, "Jaddi, abgha laham," Kawu ya ɗaga tsinken sama ya kalli sararin samaniya kamar bai ji ba. Sai yaron ya yi ta lalube a bakinsa har ya samo, "Kaka, ba ni nama." Ƙaramar cikinsu "Kaka, ba ni mana" take cewa, ita kuwa biyu yake ba ta. Hausar da yaran nan suka iya duka, a kan rabin duron nan suka koye ta.

Inna tana zama a bakin matakala da butar shayi. Daga nan take kallon kowa, ban da mutum ɗaya. Ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba, "wancan" take cewa, kuma ba ta haɗa ido da shi, kunyar ɗan fari irin ta gida. Amma na lura tsinken da ya fi kitse sai ta kira jika ta raɗa masa ya kai gefen da wancan yake. Yaya haihuwar Jidda ne, inda uwa ke rungume ƙaton ɗanta a bainar jama'a ta sumbace shi a goshi, don haka bai taɓa gane wannan ba. Ya taɓa ce mini, "Umma ba ta damu da ni ba, Auta take so." Da yake taubashina ne, na ce masa karatunsa duk na banza ne, ya je ya karɓo kuɗin makarantarsa. Ya yi dariya, bai tambaye ni abin da nake nufi ba.

Faɗan da na sani tsakanin Kawu da Yaya ɗaya ne, kuma a kan famfon kicin ne. Yaya ya gaji da riƙe fitila, wata Juma'a ya taho da mai gyaran famfo, sabbak kamar yadda suke cewa a nan, ya ce kyauta ce ya kawo wa mahaifinsa. Kawu ya karɓi mutumin hannu biyu, ya zaunar da shi a falo, ya sa aka kawo masa shayi da dabino, suka yi hira, ya raka shi har bakin lungu bai bar shi ya leƙa kicin ba. Da ya dawo ya tsaya a tsakiyar falo ya ce da Yaya, "Na mutu ne?"

"Abuya, hutu nake nema maka."

"Hutu yana nan zuwa, ba sai ka kawo shi a mota ba."

Ranar ba a hura gawayi ba. Yaya ya kwashi iyalinsa ya tafi da fushi, aka yi makonni ba ya zuwa, Kawu kuma bai buga masa waya ba. Inna ta rame a idona, amma ko sau ɗaya ba ta ce a kira wancan ba. Ruwan sama ne ya raba faɗan, irin na Jidda da ke zuwa sau ɗaya ya tona asirin kowane rufi. Falon sama ya yi yoyo, wannan karon na gaske, Kawu ya buga waya ya ce, "Rufi." Yaya ya zo da bokitin kwalta. Babu wanda ya ba wani haƙuri, sun dai shafa kwalta tare har magariba.

Na ce "na gaske" don akwai wanda ba na gaske ba, kuma ni na gani da idona. Wata Alhamis na dawo daga aiki da wuri, na shiga kicin neman ruwa, na tarar da Kawu a durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da sifana a hannu. Famfon lafiyarsa lau da safe, ni na wanke kofi a wurin. Na tsaya ina kallo ya kama ƙarfen bututun ya murɗa shi baya, a hankali, har ruwa ya fara ɗiga a cikin robar da ya riga ya tara. Ya juyo ya gan ni.

Na ce, "Kawu, gyara kake ko ɓarna?"

Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya dafa bango ya miƙe, gwiwarsa tana ƙara, ya ce, "Ɗiyata, in na ce su zo mu ci nama, wannan yana da taro, wancan yaransa suna da jarrabawa. In na ce ruwa zai ci gida, kunya za ta kawo su."

"To ka ce kana son ganinsu mana."

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Ni? In buɗe baki in ce wa ɗan da na haifa ina kewarsa?" Ya nuna ɗakin Inna da haɓa, ya rage murya. "Ni ma da sauƙi. Waccan ko za ta mutu ba za ta faɗa ba. Ranar Asabar take fara jiran Juma'a. Saboda ita nake yi."

Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa yaransa ba. Daga baya na gane Inna ta sani tun tuni, ita ce ma ke ajiye masa robar tarar ruwan. Ba su taɓa yin zancen a tsakaninsu ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki Inna ta shiga takaba, ba fita, sai wanda ya zo ya same ta. Na dawo gidan da kwana don kada ta zauna ita kaɗai. Juma'ar farko kowa ya zo. Ba a hau sama ba, aka zauna a falo ana karɓar ragowar masu gaisuwa. Yaya yana zaune yana bin gidan da kallo, taga, kanta, tabon yoyo a silin, wayoyin wuta da Kawu ya naɗe da salatif. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauka kewar uba ce kawai, ashe har da shawara yake yankewa.

A cikin makon ina wurin aiki Yaya ya zo da mota cike da ma'aikata. Ya sa Inna ta koma ɗakin ƙasa ta rufe ƙofa, suka shiga gidan ta ko'ina. Kafin mako ya ƙare an canza bututun gidan kaf, an sa sababbin tagogi, an cire kanta an kafa wata miƙaƙƙiya, an ɗaura mukayyif marar ƙara. Rumfar saman bene da Kawu ya shekara da shekaru yana cewa saura kaɗan, suka gama ta kafin azahar. Tsanin katako aka fitar da shi bola. Koren ɗakina ma an shafe shi da fari. Rabin duron kaɗai ya tsira, don Inna ta aiko daga bayan ƙofa cewa kada a taɓa shi.

Ba zan zagi Yaya ba, ko da yake na so. Da ya gama ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Halas ya Umma. Wallahi ba za ki sake ganin ɗigon ruwa a gidan nan ba. Abuya ya wahala, ke ba za ki wahala ba." Iyakar ƙaunar da ya iya ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Inna ta amsa daga ciki, "Allah ya yi albarka." Na bi ta ɗaki na ce ta bar ni in faɗa masa gaskiya, alkawarin da na yi wa Kawu ai mai shi ya tafi. Ta ce, "Ki tona wa mutum asiri yana kwance a ƙasa? Kuma wancan ya ji da me, ya san da hannunsa ya rushe?" Na bar zancen, raina yana tafasa.

Juma'ar da ta biyo baya 'yar Kawu ta zo ita kaɗai, ta bar yara gida saboda karatu. Ta gaba, Auta ya leƙo a tsaye, mota tana kunne a bakin lungu. Daga nan sai waya. Suna bugowa, ban ce ba sa bugowa ba, har da ta bidiyo, a ɗora jikoki a gaban allo su ce "Kef halik ya Sitti," ta amsa musu da Hausa, su kalli uwarsu ta fassara. Yaya yana aiko direba da kayan cefane fiye da abin da mutum biyu za su ci. Idan ya tambaya, "Umma, akwai abin da kike buƙata?" sai ta ce, "Babu, alhamdulillahi." Shi kuma ya yarda, don me zai hana shi yarda? Gida lafiya lau, babu abin da ke zuba.

Ranar Juma'a da la'asar nakan same ta zaune a bakin matakala da butar shayi, a inda ta saba, tana kallon sabuwar rumfa. Gidan ya yi shiru irin wanda ban san shi da shi ba. Da, ko ba kowa, akwai ɗigon famfo da kukan tsohon mukayyif. Na yi jinyar tsofaffi da yawa, na san yadda mutum ke fara barin abinci ba don ciwo ba. Inna ta fara.

Wata Alhamis na dawo daga aiki na ji motsi a kicin. Na tarar da ita a durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da kayan takabarta, ta ɗauko sifanar Kawu, ta tara robar nan. Ta kama sabon ƙarfen da hannu biyu tana ta kokawa, ko gezau bai yi ba, ma'aikatan Yaya sun ɗaure shi tamau. Ta ɗago ta kalle ni, gumi yana bin fuskarta. Ta miƙo mini sifanar. Na durƙusa na sa ƙarfina duka, har na fasa fatar yatsa, sannan ya motsa. Ruwa ya fara ɗiga a roba, muka zauna a ƙasa muna saurarensa.

Ita ta buga wa Yaya waya da kanta, abin da ban taɓa gani ba. Ta riƙe ta nesa da kunne ta ce, "Famfon kicin yana zuba." Na ji muryar Yaya yana salati, yana faɗan ma'aikata, sannan ya ce, "Abshiri ya Umma, gobe-goben nan. Kada ki damu."

Naman da Kawu ya jera a safiyar rasuwarsa, Inna ba ta bari an taɓa shi ba. Ta naɗe shi ta sa a gidan ƙanƙara tun ranar. Daren Alhamis ɗin ta fito da shi. Da safe ta sa na share saman bene, na shimfiɗa darduma babba, na jera ƙananan faranti na jikoki. Ta ci abincin rana sosai. Bayan an sauko daga masallaci na hura gawayi a rabin duro, na gyara bulon da ke ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ƙanshin yajin Kawu ya tashi ya cika lungu. Maƙwabciya 'yar Yaman ta leƙo ta taga ta fashe da kuka.

La'asar sakaliya aka buga ƙararrawa. Inna ta gyara mayafi ta kawar da kai gefe, yadda take yi idan wancan zai shigo. Na sauka da gudu na buɗe ƙofa. Wani mutum ne ɗan Pakistan da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana nuna mini saƙon Yaya a wayarsa. Na leƙa bayansa har ƙarshen lungu. Shi kaɗai ne.

Bai daɗe a kicin ba. Ya ɗaure ƙarfen, ya gwada, ya zubar da ruwan robar ya kife ta, ya ce da gurɓataccen Larabcinsa wannan ba zai sake kwancewa ba insha Allahu. Na hau sama na faɗa wa Inna. Ta daɗe tana kallon tsiren da ke kan wuta, ya riga ya gasu, gefe ya fara ƙonewa. Sannan ta ce, "Kai wa maƙwabta nasu. Shi ma baƙon a zuba masa, ranar hutu ya baro iyalinsa." Na zuba masa a faranti, ya zauna a matakalar ƙasa ya ci, yana ta yabawa, yana tambaya wane irin yaji ne wannan, a ina ake sayar da shi. Na ce masa ba a sayar da shi, kuma wannan ne na ƙarshe.

Kawu, na riƙe maka alkawari. Da Hausa na rubuta wannan, kuma ka fi kowa sanin waɗanda abin ya shafa ba sa karanta ta. Allah ya yafe maka ƙaryar famfo, ya sa ta a mizanin alheri. Ya haskaka makwancinka, ya ba ka gidan da babu abin gyara a cikinsa, amma mutane suna zuwa.

Da baƙon ya tafi na koma sama in kwashe farantan jikoki. Ba a kira magariba ba tukuna, gawayi ya zama toka. Inna tana bakin matakala, sifanar Kawu a cinyarta, shayinta ya huce.

Ta ce, "Ɗiyata, zagaya ki duba mini. Me kuma ya saura a gidan nan da zai lalace?"

Na zagaya ɗaki-ɗaki, na taɓa tagogi, na murɗa famfuna, na jijjiga kanta. Komai sabo ne, komai a ɗaure. Na daɗe a tsaye a ƙasan matakala kafin in iya hawa in faɗa mata.